Haƙƙin Ɗan Goye a Kan Baitulmali

Duk mutumin da Allah Ya sa ya ratsa ƙauyukan ƙasar Kabo da hantsi a kwanakin kaka, ya bi ta Garo ko Gude ko Durun sa'ad da ake roron wake, ana tsinkar barkono, ana sussukar dawa a masussuka, in dai yana duba da idon basira, zai ga wani abu wanda sabo ya sa muka daina lura da shi: yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, wadda ita kanta ba ta daɗe da sauka daga bayan uwarta ba, ta ɗaure ƙaninta da majanyi, kansa yana lilo a rana, ƙafafunsa suna bugun cinyoyinta, tana jijjiga shi a gindin ɗorawa har uwarsu ta tashi daga aiki. Na taɓa ganin irin wannan yarinya a wata makarantar firamare ta wani ƙauye, tana tsaye a waje jikin taga da goyonta, tana bin karatun da sa'o'inta suke yi a cikin aji, leɓɓanta suna motsi tare da nasu; da yaron ya fara kuka sai ta ja da baya a hankali don kada ta dami malam, ta nufi gida. Sunanta yana cikin rajistar makarantar, an kuma lissafa ta cikin yaran da hukuma take cewa ta shigar, amma kujerarta babu kowa a kai.

Tun daga ranar nake juya wannan mas'ala a zuciyata, kuma abin da na tsaya a kansa shi ne, rainon da muke ɗauka kyauta ne a ƙasarmu akwai mai biyan kuɗinsa, kuma mai biyan nan ita ce mafi rauni a cikin gida, da karatunta take biya, da ƙuruciyarta. Saboda haka ina ganin ya wajaba hukuma, wato Gwamnatin Jihar Kano da ƙananan hukumominta, ta ɗauki wani kaso na nauyin rainon jarirai da 'yan yaye waɗanda iyayensu suke fita neman halali, ta biya daga baitulmali, kamar yadda take biyan kuɗin allurar riga-kafi da albashin malaman makaranta.

Na san abin da za a fara ce mini, cewa wannan magana ta matan birni ce masu zuwa ofis, mu matanmu suna ɗaka. To, amma wace ce take soya ƙuli-ƙuli, ta tatsi man gyaɗa, ta yi daddawa, ta dama fura, ta kwana tana tankaɗen garin ɗanwake? Wace ce take surfe da casa a gidan wani don a auna mata tiya guda? Su wane ne suke sunkuye a lambunan da ke shan ruwan madatsun Guzuguzu da Magaga da rani, suna tsinkar tumatir da tattasai a kan ladan yini? Matar da ke cikin kulle ma sana'a take yi, gaban murhu da tafasasshen mai, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya ga yaron da ya rarrafa ya faɗa wuta ko ya jawo tukunyar koko a kansa sa'ad da hankalin uwarsa yake kan masu saye. Wata Ba'amurkiya mai binciken al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a birnin Kano a shekarun 1970 tana nazarin wannan al'amari, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan ƙafafun yara take tafiya, su ne 'yan talla, su ne 'yan aike, su ne masu raino. Kusan shekara hamsin ke nan, kuma abin da ta gani a birni har yau shi ne a karkara, sai dai yanzu mun ƙara wa yarinyar nan wani wajibi, mun ce dole ta je makaranta, ba tare da mun sauke mata ko ɗaya daga cikin na da ba.

Gaskiya ne kakanninmu suna da nasu tsari, kuma tsari ne mai hikima wanda bai kamata a raina shi ba. A zamanin da gida yake gandu guda, uba da 'ya'yansa maza da matansu duk a cikin danga ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, jariri ba ya rasa hannun da zai karɓe shi: ga kaka, ga gwaggo da ta dawo zawarci, ga faccala, ga abokiyar zama wadda ba ita ke da girki ba. Mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta yi wankan jegonta a can, ta sha kunun kanwa, ba ta komawa ɗakinta sai ta yi ƙwari. In lokacin yaye ya yi a kai yaro wurin kakarsa. Wadda Allah bai ba haihuwa ba a ba ta riƙo. Wanda yake son ya ga yadda wannan zaman yake, ya nemi labarin Baba ta Karo, wadda ta tashi a wajen Zarewa, nan yammacin Kano, aka buga tarihin rayuwarta a 1954. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta raini 'ya'ya. Da aka ce ɗa na kowa ne, a wancan zamani magana ce mai aiki a ƙasa.

Sai dai gandun nan ya rabu. Gona ta zama gayauna-gayauna ta hanyar gado, samari sun tafi cin rani Kano da Abuja da Legas, wasu sai da salla ake ganinsu. Kowane magidanci ya ja katangarsa. Tsadar abinci kuwa ta kori tsohuwar da a da take zaune a kan tabarma tana kaɗi da jikoki kewaye da ita, yanzu ita ma tana gona tana kala, ko tana bakin hanya da farantin gyaɗa. Hannayen da suke karɓar jariri sun ragu ɗaya bayan ɗaya, har ya zama saura hannu guda wanda ba shi da ikon ya ce a'a.

Akwai kuma wasu matan waɗanda mu da kanmu muka roƙi Allah Ya ba mu su. Babu magidancin da yake so namiji ya karɓi haihuwar matarsa, kuma da yawa daga cikinmu ba su sakin jiki su bar 'ya mace ta wuce aji shida sai in malama ce za ta koyar da ita. Don haka muka yi ta kira a horar da 'ya'yanmu mata su zama ungozomomin asibiti da ma'aikatan jinya da malaman makaranta. To, ga su sun samu, kuma su ma matan aure ne masu haihuwa. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, ta 1974, a sashe na 54, ta ba mace mako goma sha biyu na hutun haihuwa, shida kafin ta sauka, shida bayan ta sauka, ta kuma ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini don ta ba ɗanta nono. Gwamnatin Tarayya ta kai hutun ma'aikatanta mako goma sha shida, Jihar Legas ta kai wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Amma ko da wata shidan aka ba kowa, me zai faru a wata na bakwai? Rabin sa'ar nan da doka ta bayar, ina amfaninta ga malamar da aka tura ƙauye mai nisan mil goma daga inda ta bar jaririnta? Likitoci da Hukumar Lafiya ta Duniya suna cewa a ba jariri nono zalla wata shida, Alƙur'ani mai girma ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, tsarin aikinmu kuwa ya bar uwa tsakanin abu uku: ta shiga aji da goyo hankalinta rabe, ko ta ɗauko 'yar raino daga dangi, wato ta fitar da 'yar wani daga makaranta don ta koyar da 'ya'yan wasu, ko kuwa ta yi ta bin ofisoshi har a mayar da ita birni kusa da mahaifiyarta. Da yawa na ukun suke zaɓa, ban kuwa ga laifinsu ba, kuma ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa asibitin karkara yake rasa mace ma'aikaciya.

In muka duba abin da hukuma ta rubuta, za mu tarar ba ta musa cewa ƙaramin yaro yana da haƙƙi a kanta ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya domin ilimi na tushe, ta ambaci kula da yara tun kafin su isa shiga firamare. A 2007 aka fitar da manufa ta ƙasa game da renon ƙuruciya. Jihar Kano ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, ta sa hannu a dokar kare yara a 2023, a 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Duk wannan abin yabo ne. Amma abin da ya iso ƙasa, inda ya iso, shi ne ajin share fage na 'yan shekara huɗu da biyar. Tsakanin ranar da uwa ta fita daga arba'in da ranar da yaro zai iya ɗaukar allo, hukuma ba ta ganinsa sai ranar riga-kafi, alhali masana lafiya sun haɗu a kan cewa kwana dubu na farko, daga shigar ciki zuwa cikar shekara biyu, su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suke ginuwa, kuma abin da aka rasa a cikinsu da wuya a mayar da shi. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna fiye da rabin yaran Jihar Kano 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Talauci ne babban sanadi, babu shakka. Amma yaron da ya yini a bayan 'yar shekara bakwai, ba mai lura da ko ya ci, ko ruwan da ya sha mai tsabta ne, ko zawon da ya fara jiya ya tsaya, shi ma yana cikin wannan lissafi.

Hujjar da ta fi kowace nauyi a kan ra'ayina daga wajen malamai take fitowa, kuma ta cancanci a amsa ta da ladabi. Suna cewa Shari'a ta riga ta raba wannan aiki: nafaƙa tana kan uba, hadana, wato raino, tana hannun uwa, in haƙƙin uwa ya faɗi sai kaka ta wajen uwa, sa'an nan inna, kamar yadda yake a littattafan fiƙihu, Risala da Muhtasar, ina ruwan baitulmali da abin da aka riga aka ɗora wa mai gida? Amsata ita ce, ban nemi a sauke wa uba nafaƙa ba, ban kuma nemi a raba uwa da ɗanta ba. Amma Shari'ar da ta ɗora wa uba ciyarwa ita ce ta halatta a ba da lada a kan shayarwa, aka ambace shi a Suratul Baƙara da Suratuɗ Ɗalaƙ. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da shi, Ummu Aimana ta raine shi, ɗansa Ibrahim kuma a gidan wani maƙeri ya yi zaman shayarwa a gefen Madina, yana zuwa can yana duba shi. Raino a hannun amintacciyar da ba uwa ba, da lada, abu ne da addini ya sani tun farko.

Game da shigar baitulmali kuwa, ya ishe mu abin da malaman tarihi, irin su Ibnu Sa'ad, suka ruwaito daga Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda. Wasu fatake sun sauka a Madina, sai ya nemi Abdurrahman ɗan Aufu su kwana suna gadinsu. Cikin dare ya yi ta jin kukan wani jariri, ya je ya yi wa uwar magana, ya sake komawa, har a ƙarshe ta gaya masa, ba tare da ta san ko shi wane ne ba, cewa yaye shi take ƙoƙarin yi tun lokaci bai yi ba, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Aka ce da asuba mutane ba su iya fahimtar karatunsa ba saboda kuka, da ya sallame kuma ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye ɗansa, an yanka wa kowane abin haihuwa rabonsa tun daga ranar da ya zo duniya, ya aika da wannan umarni zuwa lardunan daula. Abin da ya fi taɓa ni a ƙissar nan shi ne inda Halifa ya ɗora laifi. Ya fara da ganin gazawar uwar, amma da ya ji dalilinta sai ya gane cewa tsarin da shi ya kafa ne ya tura ta ga cutar da ɗanta, ya tuhumi kansa, ya gyara tsarin kafin rana ta fito. Mu ma tsarin da muka kafa, na makaranta dole da aikin albashi da tura ma'aikata nesa da danginsu, shi ne ya haifar da wannan lalura, kuma wanda ya kafa tsari shi ke da alhakin toshe ɓarakarsa.

Sai dai ina gargaɗi da babbar murya kada a fahimci maganata da cewa a ba ɗan kwangila ya gina bene mai fenti a hedkwatar ƙaramar hukuma, a jera kujerun roba, a yanka zare, bayan wata shida awaki su gaje shi. Matar Hauwade ko Masanawa ba za ta hau babur da jariri kowace safiya ta kai shi Kabo ba, ba kuma za ta miƙa shi ga baƙuwar da ba ta san asalinta ba. Abin da zai yi aiki a wurinmu ya fi wannan araha. A ƙasar Kolombiya, tun 1986, hukuma takan zaɓi mace a cikin unguwa, wadda maƙwabta suka yarda da ita, ta horar da ita, ta taimaka mata ta gyara gidanta, ta kawo mata abincin yara, ta biya ta, ita kuma ta riƙe yara goma sha wani abu daga safe zuwa la'asar. Sun yi fama da ƙarancin horo da ƙarancin lada, har matan suka yi shekaru suna neman a biya su albashi cikakke, kuma ya kamata mu koyi darasi daga wannan tun kafin mu fara. A Indiya kuwa, dokar ba mutanen karkara aikin yi ta 2005 ta tanadi cewa in mata suka zo wurin aiki da ƙananan yara har biyar, a ware ɗaya daga cikinsu ta zauna da yaran a inuwa, a biya ta ladan yini daidai da mai haƙa. Wannan dabara ce da za a iya ɗauka gobe a kai bakin lambu.

Irin matan nan muna da su a kowace unguwa, kowa ya san su: bazawarar da ta manyanta, ungozomar gargajiya da ta yi wa rabin garin wankan jego, malamar Islamiyya da take koyar da matan aure da dare. A ba irin wannan uwar raino ɗaki mai iska da tsakar gida mai inuwa, nesa da murhu da rijiya. A koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, da gane alamun tamowa da zazzaɓi mai haɗari. A ba ta gero da waken suya da gyaɗa na kunu, waɗanda duk a gonakinmu ake nomansu. Ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zagayowa da ma'auni da katin riga-kafi. Kada a tara mata yara fiye da yadda ido ɗaya zai iya tsarewa, jarirai kuwa a sa mata mataimakiya. A makarantu da asibitoci, da babbar makarantar Tarayya da aka kafa a Kabo, a ware ɗaki guda kusa da wurin aiki, yadda rabin sa'ar da doka ta bayar za ta zama abin da uwa za ta iya amfani da shi. Mai albashi ya biya wani abu gwargwadon ƙarfinsa, mai aikatau a ɗauke mata.

Akwai wata mas'ala ta fiƙihu da ba za a tsallake ba, wadda wanda ya kwafo tsari daga Turai ba zai tuna da ita ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, nono ko tsotsa ɗaya ne, in ya isa cikin yaro a cikin shekarun shayarwa, ya haramta aure kamar yadda nasaba take haramtawa. A gari ƙarami inda auren zumunci ya yawaita, gidan da ake tara jarirai yana iya zama sanadin rikici bayan shekara ashirin, in wata ta ji tausayin ɗan wata ta ba shi mama ba a sani ba. Don haka tilas a kafa sharaɗi kada kowa ta shayar da ɗan da ba nata ba sai da iznin iyaye, in kuma ya faru a rubuta a littafi, liman ya sa hannu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a shigo da malamai cikin shirin tun daga tushe.

Abin da nake tsoro fiye da rashin kuɗi shi ne rashin amana, kada sunayen uwayen raino su zama wata sabuwar hanyar saka wa 'yan siyasa, a rubuta mata ɗari a takarda alhali goma ne a ƙasa. Maganinsa shi ne zaɓen ya fito daga iyaye mata na unguwar da kansu, mai unguwa da liman su shaida, dagaci ya tabbatar, a kafa sunayen a ƙofar fada kowa ya gani, ladan kuma ya shiga hannun mai aikin kai tsaye. Kuɗi kuwa, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa kason ƙananan hukumomi nasu ne, a ba su a hannunsu, ya kamata shugabanninsu su fara tunanin abin da za su yi da shi wanda talaka zai gani a cikin gidansa. Ƙaramar Hukumar Kabo mazaɓu goma gare ta, haka ma Gwarzo. Gida ɗaya a kowace mazaɓa, na gwaji, shekara guda, ba zai ci kuɗi mai yawa ba, kuma a ƙarshen shekara za a iya auna yaran, a duba rajistar makaranta, a ga ko yayyensu mata sun koma aji.

Kafin ma a kai ga kasafin kuɗi, akwai aikin da ba ya bukatar ko sisi. Ina roƙon kansilolinmu da shugabannin makarantun firamare, daga Kanwa zuwa Godiya, daga Getso zuwa Lakwaya, su zauna da masu unguwanni kafin damina ta faɗi, su ƙirga 'yan matan da sunansu yake rajista amma raino ya hana su zama a aji, su kai adadin gaban majalisar ƙaramar hukuma a rubuce. Ƙirgar ba za ta yi wuya ba, domin mai unguwa ya san kowace da sunanta da gidansu, ya kuma san ƙanin da take goyo.